Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi, Kada Mu Rushe Rumbu Don Ƙofa Ta Cije

Jawabin da kwamitin ilimin kwamfuta na reshe ya gabatar a taron ƙarshen zango



Mun gode wa shugabannin reshe da suka ba kwamitinmu wannan dama. Mun san wasu za su yi mamakin yadda aka sako batun gyaran kwamfuta a taron da aka saba tattauna albashi da ƙarin girma da fansho. Dalilin shi ne kwamfuta ta zama ma'ajiyar guminmu. A cikinta muke ajiye makin gwaje-gwaje, da tambayoyin jarrabawa, da tsarin darussa, da sakamakon ɗalibai. Wasunmu ma a cikinta suke rubuta kundin digirinsu. Ranar da ta ƙi tashi, aikin zango guda ne ke cikin haɗari.

Abin da ya kawo wannan magana abubuwa biyu ne da suka faru a reshenmu. Wani ɗan'uwanmu mai kula da jarrabawa ya ga kwamfutarsa ta yi nauyi bayan an ɗora mata Windows 11, sai ya nemi a mayar da ita Windows 10. Aka fara aikin, daga nan ta ƙi tashi. Ya kai ta shago ana saura kwana kaɗan a rufe makaranta, mai gyara ya ce sai an goge faifan baki ɗaya, shi kuma cikin ruɗewa ya amince. Kwamfuta ta tashi, amma makin ajujuwa uku ya tafi. Shi da abokan aikinsa a kan takardun amsa suka ƙare hutunsu, suna sake shigar da abin da suka riga suka shigar.

Ba a daɗe ba wata malama ta kawo mana tata da irin wannan ciwo. Ɗanta ne ya yi ƙoƙarin mayar da ita Windows 10, aikin bai yiwu ba, ya zare filashinsa, daga nan sai baƙin allo da rubutun Turanci mai cewa ba a ga faifan da za a tashi da shi ba. Muka duba, muka tarar saiti ɗaya tak yaron ya juya. Muka mayar da shi yadda yake, kwamfuta ta tashi, fayil ko ɗaya bai ɓata ba, kuma ba ta biya ko kwabo ba.

Saƙonmu na yau ke nan. A mafi yawan lokuta, kwamfutar da ta ƙi tashi bayan an mayar da ita tsohuwar manhaja, kayan cikinta suna nan daram. Hatsi yana cikin rumbu, ƙofa ce ta cije. Abin da ke jawo asara shi ne gaggawar goge faifai.

Kafin mu shiga magani, bari mu faɗi abin da ke sa mu komawa baya. Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 11 ranar 5 ga Oktoba, 2021, da sharuɗɗa masu tsauri. Yana neman ƙaramar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, da ram mai aƙalla gigabait 4, da wurin ajiya gigabait 64, da ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na takwas zuwa sama ko makamanciyarta. Yawancinmu kuwa kwamfutocin gwanjo muke saye, waɗanda da yawansu sun girmi waɗannan sharuɗɗa. Akan yi dabara a ɗora musu sabuwar manhajar duk da haka, sai su riƙa jan ƙafa, ko tsohuwar na'urar buga takardu ta ofis ta ƙi aiki da su. Daga nan sai mai ita ya ce a mayar masa da wadda ya saba da ita, Windows 10, wasu ma har Windows 7.

Komawar tana da hanyoyi biyu. Idan ba a wuce kwana 10 da hawa Windows 11 daga Windows 10 ba, akwai maɓallin komawa a sashen farfaɗowa na saituna, domin tsohuwar manhajar tana ajiye a foldar da ake kira Windows.old. Wannan hanya takan bar mana fayilolinmu. Idan kwana goman sun wuce, ko an goge wannan folda don neman fili, sai dai a ɗora tsohuwar manhaja daga filash. A nan yawancin matsala take farawa.

Don mu gane dalili, sai mu san abin da ke faruwa daga lokacin da muka danna maɓallin kunnawa. Windows ba ita ce ke fara farkawa ba. Akwai wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin babban allon cikin kwamfuta, ita ke duba ram da faifai da madannai, sannan ta nemi inda Windows take, ta miƙa mata ragama. Tsohon salonta shi ake kira BIOS, wanda kwamfutocin IBM suka zo da shi tun 1981. Sabon salon shi ne UEFI, wanda ya game kasuwa daga 2012, shekarar da Windows 8 ta fito. Shi ma faifai yana da salo biyu na tsara ɗakunansa. Tsohon shi ne MBR, mai ɗaukar manyan ɗakuna huɗu kawai, wanda ba ya iya amfani da fiye da kimanin terabait 2. Sabon shi ne GPT, wanda Windows ke yarda a yanka shi har ɗaki 128. Ƙa'idar da muke roƙon kowa ya riƙe ita ce: a wajen Windows, BIOS da MBR suke tafiya, UEFI kuma da GPT. Idan aka haɗa sabon salo da tsohon faifai, ko tsohon salo da sabon faifai, kwamfuta za ta kalli faifan da ke cike da aikinmu ta ce ba ta ga komai ba.

Abin da ya sami malamar da muka ambata ke nan. An shirya filashin yaron da tsohon salo, sai ya juya kwamfutar zuwa tsohon salo don ta karɓi filashin. Manhajar ɗorawa ta ƙi faifan saboda GPT ne, ya haƙura, amma ya manta bai mayar da saitin ba.

Yanzu ga matakan bincike, kuma muna roƙo a bi su a jere, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Mataki na farko, mu natsu mu lura. Kalmar "ta ƙi tashi" tana ɗauke da ciwo iri uku. Akwai wadda ko fitila ba ta kamawa, fanka ba ta juyawa. Wannan matsalar wuta ce, a duba caja da soket da batir, babu ruwan Windows a ciki. Akwai wadda fitila ke kamawa amma allo ya zauna baƙi, ko tambarin kamfani bai fito ba, wani lokaci da ƙarar kiɗ-kiɗ ko ƙyaftawar fitila. Wannan yakan nuna ram ko allo ko wani sashe na jikinta. Sai ta uku, wadda tambarin HP ko Dell ko Lenovo ke fitowa, sannan ta tsaya a kan wani rubutu, ko ta nuna shuɗin allo, ko ta yi ta kashe kanta tana kunnawa. Ita ce ta komawa baya, kuma ita ce mai sauƙin magani. Duk rubutun da ya fito, mu ɗauki hotonsa da waya, har da lambobin da ke ƙasansa, domin shi ne shaidar da mai gyara na ƙwarai zai fara tambaya.

Mataki na biyu, mu zare duk abin da ke jone da ita: filash, katin ajiya, faifan waje, na'urar buga takardu. Sau da yawa kwamfuta na ƙoƙarin tashi ne daga filashin da aka manta a jikinta. Sannan mu kashe ta, mu cire caja, mu cire batir idan mai cirewa ne, mu danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, mu mayar da komai mu sake gwadawa.

Mataki na uku, mu shiga saitunan farko. Ana shiga ne ta danna wani maɓalli da zarar an kunna, kafin tambari ya wuce. A kwamfutocin HP yawanci F10 ne, ko a fara da Esc. A na Dell F2 ne. A ThinkPad na Lenovo F1 ne. A yawancin kwamfutocin tebur kuwa Del ko F2. Kafin mu taɓa komai, mu ɗauki hoton kowane shafi, don mu iya mayar da abin da muka canja. A ciki abu huɗu za mu duba.

Na ɗaya, shin sunan faifan ya fito a jerin kayan kwamfutar? Idan ya fito, hankali ya kwanta. Idan bai fito ba, ko dai ya goce daga mazauninsa ko ya lalace, sai a kai wa gwani. Kwamfutocin Dell suna da gwajin lafiyar faifai a jerin da F12 ke buɗewa, na HP kuma a F2.

Na biyu, kwanan wata da agogo. Idan muka ga kwanan watan ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin da ke riƙe saituna ya mutu. A kwamfutar tebur shi ne mai kama da kwabo, mai lamba CR2032. Idan ya mutu, saituna sukan koma yadda suka fito daga masana'anta. Sai kwamfutar da aka ɗora wa manhaja da tsohon salo ta wayi gari a sabon salo, ta ƙi tashi, alhali jiya lafiya aka kashe ta.

Na uku, jerin abin da za a fara tashi da shi, da salon tashin. A sabon salo, sunan "Windows Boot Manager" ya kamata ya kasance a sama. Idan muka ga an zaɓi "Legacy" ko "CSM", wato tsohon salo, mu juya zuwa UEFI mu gwada. Idan UEFI muka tarar, kuma mun san daga tsohon filash aka ɗora manhajar, mu gwada ɗayan. Wannan juyi ba ya goge fayil. A kusa da shi akwai tsaron da ake kira "Secure Boot", wanda ke hana tashin manhajar da ba ta da sa hannun da ya sani. Windows 10 tana aiki da shi, Windows 7 kuwa ba ta tashi sai an kashe shi.

Na huɗu, salon da kwamfuta ke magana da faifai, inda za mu ga AHCI, ko RAID, ko RST. Idan an ɗora Windows a ƙarƙashin ɗaya sannan aka juya zuwa ɗayan, sai shuɗin allo ya fito da rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, ko lambar da ke ƙarewa da 7B. Maganinsa a mayar da saitin yadda yake ranar ɗorawa.

A nan akwai gargaɗi mai nauyi. Kwamfutoci da yawa na zamani suna kulle faifansu da tsaron BitLocker, wani lokaci mai ita ma bai sani ba. Taɓa saitunan tsaro na iya sa ta nemi mabuɗin farfaɗowa mai lambobi 48. Mabuɗin yakan kasance a asusun Microsoft da aka fara shiga kwamfutar da shi, kuma ana iya duba shi ta waya. Idan babu shi, babu mai gyaran da zai iya buɗe faifan, komai gwanintarsa. Don haka wanda wani ya buɗe masa asusu a shago, bai karɓi kalmar sirri ba, ya koma ya karɓa tun kwamfutarsa na da lafiya.

Mataki na huɗu, idan har yanzu ba ta tashi ba, mu dakatar da gyara mu kwashe kayanmu. Ana buƙatar filash mai aƙalla gigabait 8, wanda aka shirya a wata kwamfuta mai lafiya da manhajar shirya filash ta Microsoft, wadda ake saukewa kyauta. Mu sani shiryawar tana goge duk abin da ke cikin filashin. Idan kwamfuta ta tashi daga gare shi, kada mu danna ɗorawa. Mu danna Shift da F10 tare, baƙin akwatin umarni zai buɗe. Mu rubuta notepad, mu shiga wurin buɗe fayil, mu zaɓi a nuna kowane irin fayil. Ta wannan 'yar taga za mu ga foldodinmu, mu kwafe su zuwa wani filash ko faifan waje. Wata hanyar ita ce a tashi kwamfutar da filash mai ɗauke da Ubuntu, a zaɓi gwadawa ba tare da ɗorawa ba, a kwashe fayilolin. Idan an riga an ɗora tsohuwar manhajar a kan faifan ba tare da an goge shi ba, mu duba Windows.old, a nan takardunmu sukan koma.

Mataki na biyar, bayan kaya sun tsira, sai gyaran ƙofa. A wannan filash ɗin akwai zaɓin gyara kwamfuta, a cikinsa akwai gyaran tashi mai aiki da kansa. Da shi za a fara. Idan bai yi ba, a akwatin umarni ana rubuta diskpart, sannan list disk. Faifan da ke da tauraro a ƙarƙashin Gpt, na sabon salo ne, kuma wannan ya warware mana saitin da ya dace. Idan kundin tashin ne ya lalace, abin da lambobi irin su 0xc000000e da 0xc0000225 kan nuna, umarnin bootrec /rebuildbcd ko bcdboot C:\Windows yakan sake gina shi, sai dai a lura cewa a wannan wuri harafin faifan yana iya zama D ko E maimakon C. Amma akwai kalma guda a cikin diskpart da muke roƙo kada wanda ya rubuta ta, kuma kada ya bari a rubuta a gabansa kafin ya kwashe kayansa, ita ce clean. Cikin ƙiftawar ido take share tsarin faifan gaba ɗaya. Wanda bai saba da wannan mataki ba, ya tsaya a na huɗu ya nemi taimako. Ba abin kunya ba ne, gara haka da garin gyaran gira a rasa ido.

Akwai kuma komawar da tun farko ba za ta yiwu ba. Windows 7 ta fito a 2009, ba ta san mashigar USB 3.0 ba, ba ta san faifan zamani na NVMe ba. Shi ya sa a sabuwar kwamfuta madannai da linzami kan daskare a tsakiyar ɗorawa, ko a ce babu faifai. Sabbin kwamfutoci da yawa ma sun daina zuwa da tsohon salon tashi. Ko Windows 10, a wasu kwamfutoci masu Intel zubi na 11 zuwa sama, ba ta ganin faifan sai an ba ta direban RST daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Wanda bai san haka ba sai ya yanke hukuncin faifai ya mutu, a sa shi sayen sabo a banza.

Idan dole sai an je shago, ba mu ce masu gyara macuta ne ba. Da yawansu 'ya'yanmu ne kuma ɗalibanmu, suna neman halalinsu. Sai dai goge faifai ita ce hanya mafi sauri a wurin mai aiki da yawa, shi kuma bai san abin da ke ciki ba. Mu ne muka sani. Mu faɗa masa ƙarara: kada ka goge komai sai ka kwashe mini fayiloli, na gan su da idona. Mu kuma tuna cewa sakamakon ɗalibai da tambayoyin jarrabawa amana ce, bai kamata a bar su kwana da kwanaki a hannun da ba mu sani ba. Idan kuwa an riga an goge, a daina amfani da kwamfutar nan take. A tsohon faifai mai juyawa akan iya ceto wani abu matuƙar ba a rubuta sabo a kansa ba. A faifan SSD fatan ya yi ƙaranci ƙwarai.

Ya 'yan'uwa, ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya game da komawa baya ita kanta. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairu, 2020, ya kuma rufe tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ƙarin wa'adin tsaro ga waɗanda suka yi rajistarsa. Manhajar da ba a toshe mata kafofi, kuma filash na shiga yana fita a jikinta daga ofis zuwa shagon buga takardu, ƙwayoyin cutar kwamfuta ba sa wahalar shigarta. Kwamfutar da ta yi nauyi, sau da yawa ƙarin ram ko sauya tsohon faifai da SSD ya fi yi mata amfani a kan komawa baya. Wadda ta tsufa ƙwarai kuma, manhajar kyauta irin Linux Mint tana iya ba ta sabon ƙarfi, tare da LibreOffice don rubutu da lissafin maki.

A kan haka kwamitinmu yake gabatar wa reshe shawarwari huɗu. Na farko, kowace makaranta ta riƙa ajiye sakamakon ɗalibai a wuri uku: a kwamfuta, a filash ko faifan da ke hannun shugaban makaranta, da kuma kwafi a intanet ko a takarda, a sabunta su duk ƙarshen mako. Na biyu, kada a sauya manhajar kwamfutar jarrabawa a tsakiyar zango, a bari sai hutu, kuma a yi aikin batir na cike ko janareta na aiki, domin ɗaukewar wuta ana cikin ɗorawa tana barin kwamfuta ba tsohuwa ba sabuwa. Na uku, a ajiye filashin ceto guda biyu a ofishin reshe, na Windows da na Ubuntu, wanda kowane mamba zai iya ara. Na huɗu, reshe ya shirya horo na yini ɗaya ga masu kula da jarrabawa, sannan ya tunatar da hukumomin ilimi cewa malamin da ke yi wa makaranta aiki da kwamfutar da ya saya da albashinsa, bai kamata kuɗin gyaranta ya zauna a wuyansa shi kaɗai ba.

Ga iyalanmu da za su karanta wannan a gida, musamman yaranmu masu son kwamfuta, ba mu hana ku koyo ba, da taɓawa ake gwanancewa. Amma kafin ku taɓa kwamfutar Baba ko ta Mama, ku nemi izini, ku kwafe fayiloli, ku ɗauki hoton saituna.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ɗan'uwanmu ya amince mu ba da labarinsa don kada wani ya sake ƙare hutunsa a kan takardun amsa, muna kuma gode masa. Muna roƙon kowa, da ya koma gida yau, ya kwafe aikinsa na wannan zango kafin ya kwanta. 'Yan kwamiti za su tsaya bayan taro, duk mai kwamfutar da ta ƙi tashi ya kawo ta mu duba tare.

Allah Ya sa albarka a aikinmu, Ya ba ɗalibanmu ilimi mai amfani, Ya mai da kowa gidansa lafiya.